Takardar Koke Kan Shirin Tashin Masu Abinci Daga Kewayen Gine-ginen Tarihi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Birni,
Ta hannun Sakataren Majalisa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu mazauna unguwannin tsohon gari, da masu gidajen abinci da rumfunan da ke kewayen manyan gine-ginen tarihi, da magina, da matasan da ke yi wa baƙi jagora, muna gabatar da wannan koke game da sanarwar da majalisa ta fitar cewa za a tashi masu sayar da abinci daga bakin tsohuwar ƙofar gari, da dandalin hasumiya, da layin da ya bi ta bayan gidan tarihi, sannan a zagaye wuraren da shingen ƙarfe domin a ƙawata su. Ba mu da ja a kan manufar majalisa, domin mu ne muke kwana muke tashi a gindin waɗannan gine-gine, kuma babu wanda lalacewarsu ke damu kamar mu. Abin da muke roƙo shi ne a jingine batun tashin, a gyara gine-ginen da wuraren cin abincin a matsayin aiki guda, domin a ganinmu kowannensu yana rayuwa ne da ɗan'uwansa.

Za mu fara da abin da ke cin gine-ginen, saboda sanarwar ta ɗora laifin gaba ɗaya a kan masu abinci, alhali duk maginin da ya duba bangon zai shaida cewa babban abokin gabarsa ruwa ne. Lambatun da aka haƙa tun unguwar ba ta kai rabin yadda take yanzu ba ya toshe a wurare da dama, kuma kowane sabon kwalta da aka shimfiɗa an ɗora shi ne a kan tsohon, har titi ya zo ya fi daɓen gine-ginen tudu. Idan aka yi ruwan sama, maimakon ya gangara ya wuce, sai ya kwanta a gindin bango. Tsohon bango, na dutse ne ko na tubali ko na ƙasa, yana tsotsar wannan ruwa zuwa sama tare da gishirin da ke cikin ƙasa, kuma idan ruwan ya bushe sai gishirin ya daskare a cikin ƙananan ramukan bangon, ya riƙa tsattsaga shi daga ciki har fuskarsa ta koma gari. Farin tabon da ake gani daga ƙasa zuwa kusan ƙugun mutum a jikin ƙofar gari alamar wannan ciwo ce. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne filastar siminti da aka shafa a wasu sassan da sunan gyara. Siminti ya fi tsohon bangon tauri kuma ba ya barin danshi ya fita yadda yaɓen farar ƙasa ko na ƙasa yake bari, don haka ruwan da ya shiga ta tsaga sai ya maƙale a bayansa yana ruɓar da bangon, waje kuwa sumul, har ranar da filastar za ta ɓalle ta faɗo da guntun ginin. A kan wannan kuma ga girgizar manyan motocin kaya da ke ratsawa ta cikin ƙofar da aka gina domin masu tafiya a ƙasa da dabbobi, ga ƙusoshin allunan talla da aka kafa a jikin bango, ga wayoyin lantarki da aka rataya barkatai.

Masu abinci suna da nasu kason, kuma ba mu zo domin mu ɓoye shi ba. Ruwan wanke-wanke da ake zubarwa a kwata yana ɗauke da maiƙo, maiƙon yana daskarewa ya haɗu da shara ya toshe lambatu. Hayaƙin murhu da na janareta yana baƙanta bango. Tukwanen gas kuma ana ajiye su a inda bai kamata ba. Sai dai kowace ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli tana da maganin da aka sani, mai sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da gyaran bangon da ya rushe, kuma ko da an kori kowa gobe, ruwan sama zai ci gaba da kwanciya a inda yake kwanciya, motocin kaya kuma za su ci gaba da wucewa.

Ranka ya daɗe, wanda ya zo ganin gine-ginen birni ba ya zuwa domin ya tsaya a gaban bango na minti goma ya juya. Yana so ya taka da ƙafa daga ƙofa zuwa hasumiya, ya shiga gidan tarihi, ya fito ya sami inuwa ya zauna ya ci abinci, ya yi hira da mutanen wurin, sannan ya ci gaba da zagayensa. Wannan zaman da yake yi shi ke mayar da ziyarar awa ɗaya ta zama ta wuni, shi ke sa ya sayi kayan masu sana'ar hannu, ya ɗauki mai jagora, wani lokaci ma ya kwana, kuma daga nan ne majalisa take samun harajin da za ta iya kula da gine-ginen. Idan aka kawar da wuraren cin abinci, baƙo zai zo a mota, ya ɗauki hoto ta bayan shinge, ya tafi ya kashe kuɗinsa a wata unguwa. Akwai kuma wani amfanin da ba ya shiga littafin haraji. Masu abinci su ne suke fara buɗewa da asuba, su ne kuma suke rufewa a ƙarshe, fitilunsu ne ke haskaka dandalin da dare, kuma su ne ke fara ganin sabuwar tsaga ko mai yunƙurin ɓalle ƙyauren tarihi. Wurin da aka killace aka bar shi babu kowa, cikin ɗan lokaci yake komawa bola da makewayi da maɓoyar ɓata-gari, shingen ma ba ya daɗewa ba a yanke shi ba.

Wannan ra'ayi ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Yarjejeniyar da masana adana gine-gine suka cim ma a birnin Benis na Italiya a 1964, wadda har yau ita ce ginshiƙin wannan fanni, ta nuna cewa gini ya fi samun kulawa idan ana amfani da shi a wani abin da ke amfanar jama'a, kuma ba a raba gini da muhallin da yake cikinsa. A 2011 hukumar UNESCO, ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta ƙara fitar da shawarar cewa a riƙa kallon tsohon gari a dunƙule, da gine-ginensa da sana'o'insa da zaman mutanensa.

Biranen da suka riga mu fuskantar wannan zaɓi sun bar mana abin dubawa. A Faris, an kwashe babbar kasuwar kayan abinci ta Les Halles daga tsakiyar birni a 1969, aka fara rushe rumfunanta na ƙarfe da gilashi a 1971, aka gina cibiyar kasuwanci ta zamani a wurin, wadda ba ta kwanta wa mutanen birnin a rai ba, har aka sake kashe maƙudan kuɗi aka yi mata sabon fasali da aka buɗe a 2016. A Landan an so a yi wa unguwar Covent Garden irin wannan, amma mazauna suka tashi tsaye, gwamnati ta sa gine-gine masu yawa a ƙarƙashin kariyar doka a 1973, aka sake buɗe tsohon ginin kasuwar a 1980 cike da shaguna da wuraren cin abinci, kuma a yau yana cikin wuraren da baƙi suka fi tururuwa a birnin.

Misalin da ya fi kusa da halin da muke ciki shi ne na Singafo, ƙasar da babu mai zarginta da sakaci a kan tsafta. Lokacin da masu dafa abinci a bakin titi suka zame mata matsala saboda ƙazantar lambatu da cunkoso, ba ta hana sana'ar ba. Ta yi musu rajista, sannan daga 1971 zuwa 1986 ta gina musu cibiyoyi masu ruwan famfo da magudana da wurin zubar da shara, ta ba su lasisi, ta sa masu duba tsafta a kansu. Ɗaya daga cikin waɗannan cibiyoyi, Lau Pa Sat, tsohon ginin kasuwa ne na ƙarfe da aka kammala a 1894, daga baya aka mayar da shi cibiyar abinci, wanda aka ayyana a matsayin ginin tarihi na ƙasa a 1973, kuma har yau abinci ake dafawa ana ci a cikinsa. A watan Disamba na 2020 UNESCO ta sanya wannan al'ada ta masu abinci a jerin kayan gadon bil'adama. A Zanzibar ma, lambun Forodhani da ke gaban tsohuwar ganuwa da fadar Beit al-Ajaib ta 1883 an gyara shi an sake buɗe shi a 2009 tare da tanadar wa masu sayar da abincin dare wurinsu. Abin lura a nan shi ne, wani sashe na ita fadar ya rushe a Disamba 2020 bayan shekaru tana fama da tsufa da rashin kulawa, ba domin masu abincin da ke gabanta ba.

Batun gobara shi ne ya fi tayar mana da hankali, kuma a kansa muna neman majalisa ta tsaurara fiye da yadda take yi yanzu. Tsohon katakon rufi da ya shekara aru-aru yana bushewa ba ya jiran wuta ta yi ƙarfi. Duniya ta ga yadda rufin majami'ar Notre-Dame ta Faris ya ƙone a ranar 15 ga Afrilu, 2019, a birnin da ke da 'yan kwana-kwana da kayan aiki na gani na faɗa, kuma sai a Disamba 2024 aka iya sake buɗe ta. Layukanmu kuwa akwai waɗanda motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba saboda rumfuna da motocin da ake ajiyewa. Don haka muna roƙon a shata tazara tsakanin bangon tarihi da kowane murhu ko tukunyar gas ko janareta, a sa wa layin alama a ƙasa yadda babu mai cewa bai gani ba, a wajabta wa kowane kicin na'urar kashe wuta, a buɗe hanya guda da ba za a taɓa toshewa ba, a kuma sa ma'aikatan lantarki su sauke wayoyin da ke jikin gine-ginen. Wanda wannan tazara ta shafa, a matsar da shi zuwa wani gurbi a cikin dandalin, kada a jefa shi bayan gari inda babu masu saye.

Haka nan muna neman a dawo da zagayen duba-gari a kai a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo a kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, kuma kusan 420,000 daga cikinsu suna rasa rayukansu. Ƙa'idojin da ta shimfiɗa ba su fi ƙarfin ƙaramar rumfa ba: tsaftar hannu da kwanuka, raba ɗanye da dafaffe, dafawa sosai, amfani da ruwa mai tsafta, da kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba kuma ba a cikin firji ba. Abin da ya gagari mai rumfa shi kaɗai shi ne ruwan famfo da magudana da makewayi, waɗannan kuwa aikin hukuma ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka masu abinci a cikinmu sun amince a ba su lasisi mai sharuɗɗa a rubuce, a liƙa sakamakon dubawa a bakin kowane shago inda mai saye zai gani, a kuma janye lasisin duk wanda ya ƙi gyarawa bayan an gargaɗe shi.

A ɓangaren gine-ginen, roƙonmu na farko shi ne a yashe lambatu a kuma gyara gangaren titi kafin a taɓa fenti ko ado, domin duk kuɗin da aka kashe a saman bangon da gindinsa ke cikin ruwa asara ce. Bayan haka a ɗauko masana tsofaffin gine-gine su yi aiki tare da dattawan maginanmu, su auna kowane gini, su ɗauki hotunansa, su rubuta halin da yake ciki, a cire filastar siminti a hankali a mayar da irin yaɓen da aka gina shi da shi tun asali. A hana manyan motocin kaya bi ta ƙofar gari, a karkatar da su zuwa titin zobe. Kuɗin da aka ware wa shinge, muna ganin ya fi amfani a kashe shi a kan fitilun titi, da kujerun zama, da makewayi, da alluna masu bayanin shekarar da aka yi kowane gini da wanda ya gina shi da abin da aka yi amfani da shi a kai, tare da taswirar zagaye da ƙafa wadda za ta nuna gine-ginen da wuraren cin abincin da suka cika sharuɗɗa. Muna kuma roƙon a keɓe wani kaso na harajin da ake karɓa daga wannan yanki a asusu na musamman domin gyaran shekara-shekara, a riƙa bayyana wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita.

A namu ɓangaren, mun ɗauki alkawarin sanya akwatin tace maiƙo a bakin kwatar kowane kicin da kuɗinmu, da cire duk allo ko ƙusa ko igiyar rumfa da ke jikin bangon tarihi, da haɗa janaretocinmu wuri guda nesa da gine-ginen, da share dandalin kowane dare kafin a tashi. Za mu kuma naɗa wakilai da za su riƙa kai wa injiniyan majalisa rahoton duk wata tsaga ko yoyo da aka gani.

Saboda haka muna roƙon Mai Girma Shugaba da ya ba da umarnin dakatar da wa'adin da ke cikin sanarwar, ya kuma sa mana ranar da za mu zauna da shi da injiniyoyin majalisa da jami'an lafiya da na kashe gobara. Za mu fi so a fara wannan zama da zagayawa da ƙafa daga ƙofar gari zuwa gidan tarihi, domin a duba gindin bangon da lambatun ido da ido kafin a yanke hukunci, kuma muna fatan hakan ya kasance kafin ruwan sama na gaba ya sauka.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da basira, ya yi masa jagora a kan wannan aiki.

Mu ne naka masu biyayya,

Mazauna unguwannin tsohon gari, da masu gidajen abinci da rumfuna, da magina, da masu yi wa baƙi jagora. Sunayenmu da sa hannunmu suna cikin takardun da muka haɗa da wannan koke.