Sanyin iyakwandishan daban, iska mai tsabta daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na shafe shekara goma sha biyu ina gyaran iyakwandishan, kuma akwai maganar da kusan kullum sai na ji a wajen aiki: "A rufe tagar nan, kar sanyi ya fita." Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Na'urar nan da ake maƙalawa a bango, mai ɗaya a ciki ɗaya a waje, ba ta shigo da iskar waje ko kaɗan. Gas ne ke bi ta bututun tagullar da ya haɗa su. Iskar ɗakin take zuƙa, ta sanyaya ta, ta sake hurowa kan jama'a. Idan mai tarin fuka ko ƙyanda ya yi tari a ciki, abin da ya fitar yana nan yana zagaye. Ƙwayar ƙyanda kan daɗe a iska har awa biyu bayan mai ita ya tashi ya tafi.

Kwanakin baya aka kira ni wani ɗakin jiran likita. Mutane sun fi talatin a kan benci, jarirai a bayan iyayensu, tagogi biyu an buga musu ƙusa, har fenti ya manne su. Na ciro ragar tace ƙura, sai ga ta baƙa ƙirin, ta yi kauri kamar bargo. Ma'aikaciyar jinyar ta ce, "Malam, ai dai tana sanyi." Na ce mata ko da na wanke ragar tas, ƙura kawai take kamawa, ƙwayar cuta ta fi ƙarfin idon ragar, wucewa take yi.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. A watan Janairun 2020, a wani gidan cin abinci marar taga a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, mutum goma daga iyalai uku suka kamu da korona, kuma teburansu suna jere ne a kan hanyar da iskar iyakwandishan ke bi. Manyan gine-gine kuma suna da tasu matsalar. A 1976, a wani otal a Philadelphia ta Amurka, sama da mutum 200 suka kamu da ciwon huhu, 34 suka mutu, aka danganta shi da ƙwayar Legionella da ke hayayyafa a ruwan na'urar sanyaya ginin idan ba a kula da shi.

Ni da abincina ke cikin wannan sana'a ba zan ce a kashe na'ura ba. Amma a buɗe taga ko da tazarar tafin hannu, a saka fanka mai zuƙo iska waje a ɗaki mai cunkoso, masu gini kuma su riƙa sa tagogi suna fuskantar juna. Akwai ƙaramar na'urar auna iskar da muke fitarwa da numfashi: a waje takan nuna wajen 420, idan ta haura 1,000 a ɗaki, to numfashin juna ake shaƙa.

A ɗakin jiran nan, kafin in tattara kayana sai da na roƙi a ba ni izinin cire ƙusoshin. Taga ɗaya suka yarda.

Naku,
Mai gyaran iyakwandishan