Mu Duba Abin Da Aka Yi A Dandaji

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni malamin lakwal ne a Tawa. Watan jiya na je Dandaji, wani gari a jihar Tawa, na shiga tsohon masallacin nan ginin ƙasa da masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mayar ɗakin karatu a 2018, suka gina sabon masallaci a gefensa da tubalin ƙasa. Rana na ƙuna a waje, ciki kuwa sanyi kamar gindin randa. Na ga yarinya durƙushe kan littafi, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Nan Tawa ɗalibaina ƙarƙashin fitilar titi suke bita. Ina roƙon magabatanmu, kafin a rushe wani tsohon gini a zuba shaguna, a je Dandaji tukuna.

Wani malami, Tawa