Rahoton Sakatare Kan Ayyukan Ƙungiya na Shekarar da Ta Ƙare

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen ƙungiya, Alhaji shugaba, Hajiya ma'aji da sauran 'yan uwa mambobi, ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta yawon buɗe ido ta yi bana da abin da bai yiwu ba.

Tarukan wata-wata an yi su yadda aka saba, ban da na watan azumi, kuma fuskokin da ake gani su ne dai waɗanda kuka sani.

Zan fara da maganar tafiyar Mambila, domin ita ce tambayar da ake tare ni da ita ko a wurin ɗaurin aure. Ba a soke tafiyar ba, ɗage ta aka yi, kuma kwamiti bai ɗage ta don lalaci ba. Daga Kano zuwa Gembu, babban garin da ke kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, ba tafiyar yini ba ce. Sai an bi ta Jalingo, a wuce Bali, a kwana a hanya, a isa Serti inda ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, sannan a fara hawan tsauni. Masu burin hawa Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya da mita 2,419, sai sun ƙara kwanaki a ƙafa tare da ɗan jagora da masu ɗaukar kaya. Duk wannan kuɗi ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 shatar bas ta zama abin da ta zama, kuma mai mota ba ya tayar da inji sai ya ga kafin alƙalami. Da aka buɗe rajista a zauren WhatsApp, hannu ya tashi kamar za mu cika bas biyu. Da aka ce a turo rabin kuɗin kujera, waɗanda alat ɗinsu ya shigo ba su cika ƙaramar mota ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. An mayar wa kowa kuɗinsa cif, rasit yana wurin Hajiya ma'aji ga mai son gani.

Kuɗin wata-wata kuwa, waɗanda suka biya na shekara cikakke ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba. Cikakken lissafi yana takardar ma'aji, ba zan maimaita shi a nan ba.

Yanzu ga abin farin ciki. Tafiyar dausayin Baturiya da aka yi a watan Janairu ita ce mafi kyawun abin da ƙungiyar nan ta yi tun kafa ta, kuma na faɗi haka ne ba don ina cikin masu shirya ta ba. An tashi bayan sallar asuba cikin hazo da sanyin hunturu, aka bi ta Gujungu, aka karya kumallo a Haɗeja, sannan aka nufi ƙaramar hukumar Kiri Kasamma. Da yawa daga cikinmu an haife su a Kano, sun je Dubai, sun je Misira, amma ba su taɓa sanin akwai dausayi irin wannan a maƙwabciyarmu Jigawa ba, alhali tun 2008 aka sa Baturiya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

An fara gaida mai gari kamar yadda ya kamata, shi ya haɗa mu da masunta da kwale-kwalensu. Lokacin da aka zaɓa ya yi daidai, domin da sanyi ne tsuntsayen Turai ke ƙetaro Sahara su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, su zauna har wajen watan Maris kafin su juya gida. Mun ga agwagin ruwa garke-garke, mun ga dinya da zalɓe da jinjimi, balbela kuwa ba a maganarta. Akwai lokacin da wani garke ya tashi gaba ɗaya daga kan ruwa, ɗaya daga cikin iyayenmu da ya rantse ba zai shiga kwale-kwale ba sai ga shi a tsaye a ciki yana kabbara, matuƙi yana roƙonsa, “Baba, don Allah zauna, za ka kifar da mu.” Madubin hangen nesa guda biyu da wata 'yar uwa ta aro mana daga wurin aikinta sun sha hannu. Allah Ya saka mata da alheri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hirar da aka yi da masunta a inuwar goruba bayan azahar, ana cin gasasshiyar karfasa da tarwaɗa. Ruwan da muke kallo a wurin namu ne, daga Kano ya taho. Kogin Kano da Kogin Challawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, shi kuma ya gangara ya sadu da na Jama'are, su zama Komadugu Yobe mai zubawa a Tafkin Chadi. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, sannan ta Challawa da ke Ƙaraye a 1992, ambaliyar da ke shimfiɗuwa a fadama kowace damina ta ragu, ruwan kuma ya koma tafiya kaɗan-kaɗan duk shekara. Irin wannan ruwa mai kwanciya shi ciyawar kachalla take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana kwale-kwale wucewa, ta cinye gonaki, ga tsuntsayen jan-baki suna fakewa a cikinta suna yi wa manoman shinkafa ɓarna. Mun gani da idonmu, akwai inda sai da aka juya saboda ba hanya. Yaran da iyayensu suka zo da su sun yi ta tambaya har muka shigo gari da daddare, kuma ina ganin ko don su kaɗai kuɗin motar bai tafi a banza ba.

Godiya ta musamman ga matan ƙungiya da suka ɗauki nauyin abinci ba tare da an taɓa asusu ba, da ɗan uwan da ya cike giɓin kuɗin mai daga aljihunsa ya ce kada a faɗi sunansa.

Tafiyar Riruwai da magangarar ruwa ta Zainabi a ƙaramar hukumar Doguwa ba ta yiwu ba, kuma a nan ba kuɗi ne kaɗai dalili ba. Hanyar tana ratsa dajin Falgore. Mun nemi shawarar mutanen yankin, aka ce mu dakata, muka dakata. Na ji ana cewa kwamiti ya cika tsoro. Mai faɗin haka ba shi ne zai je ya tsaya gaban iyalan mutane ba in wani abu ya faru. Ga shi kuma ruwan ya fi kyan gani a ƙarshen damina, lokacin da hanyar ƙauye ta fi wuya. In an samu tabbaci za a je, a ga tsofaffin ramukan haƙar kuza ma.

Ɗan littafin wuraren shaƙatawa na kusa da Kano da aka yi alkawari a taron bara yana nan a kwamfuta, rabinsa a rubuce. Babin Tiga da na duwatsun Rano sun kammala. Waɗanda suka karɓi sauran babi-babin sun san kansu. Hotunan Baturiya ma har yau akwai waɗanda ba su turo ba, alhali mun gan su a shafukansu na Facebook tun washegari.

A nan zan yi magana ba ɓoye-ɓoye. Akwai mambobin da ba a ganin su a taro, ba a ganin alat ɗinsu, amma ranar da aka sa hoto su ne na farko da cewa “me ya sa ba a sanar da mu ba?” An sanar. An rubuta a zaure, an kira waya, wasu har shago na bi su Kantin Kwari da Sabon Gari, a ce mini in dawo gobe. Ni ma ina da aiki da iyali, kuma ba albashi ake biyana ba. Wanda hali ya yi wa wuya ya faɗa wa Hajiya ma'aji a asirce, ba wanda zai ji, an taɓa yi wa wasu rangwame kuma za a sake. Shirun ne ke hana mu lissafi, domin ba a san wanda za a ƙirga ba in za a yi shatar mota.

Kwamiti yana ba da shawara biyu ga babban taro. Ta farko, duk wanda ake bin sa bashin wata shida a dakatar da sunansa daga jerin masu kujera har sai ya biya. Ta biyu, tafiyar farko ta baɗi ta zama Birnin Kudu, a ga zanen shanu na mutanen zamanin da a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Ta Wudil ake bi, a je a dawo a yini ɗaya, ba kwana, ba kuɗin masauki. Za a rufe karɓar kuɗin kujera mako biyu kafin ranar tafiya, kuma sunan da kuɗinsa ya shigo shi kaɗai za a rubuta.

Wa'adin wannan kwamiti zai ƙare a babban taro mai zuwa. Kujerar sakatare tana cikin waɗanda za a yi zaɓe a kansu, mai sha'awa ya karɓi fom a wurin Alhaji shugaba.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya