Ambaliyar Kano Ba Baƙuwa Ba Ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi ƙorafi, kuma ƙorafin ya shafe ku ku ma 'yan jarida. Duk shekara idan marka ta sauka a watan Agusta, sai mu ga hotunan gidajen da suka rushe, da jami'an hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha (SEMA) suna rabon tabarmi da buhun shinkafa, a kawo labarin kamar abin ya faɗo mana ne daga sama bagatatan. Da an shiga kaka shi ke nan, an rufe babin sai baɗi. Ba na ganin mai waiwayawa ya ce wannan unguwa fa ta taɓa nutsewa a shekara kaza, ga kuma abin da ya jawo.

Alhali Kano tana da dogon tarihi da fushin yanayi, kuma iyayenmu ba su yi wasa da shi ba. Damina ta 1913 ta ƙi, aka shiga yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba a 1914. Abin da ya ƙara mata muni shi ne jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, manoma da dama suka karkata gare ta, ga haraji yana jira, sai ruwan sama ya ɗauke, rumbuna ba kauri. Farin 1972 zuwa 1973 kuwa akwai masu rai da yawa da suka gan shi: dabbobi sun mutu, mutanen ƙauye da na Nijar suka yi ta kwararowa birni. Aka sake maimaitawa a 1983 da 1984. Mutanen zamanin da suna lissafin haihuwa da aure da irin waɗannan shekaru, shi ya sa ba su manta ba. Mu da muke da takarda da kwamfuta mu ne muka fi saurin mantuwa.

Ruwa ma ya sha yi mana ɓarna. A Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan mamakon ruwa, aka rasa rayuka sama da 100, dubban gidaje suka rushe a jihar. A 2001 ruwan madatsun Tiga da Challawa ya malale garuruwan da ke bin kogi har cikin Jigawa. Ba ina aibata madatsun ba ne. Tiga, wadda aka gina zamanin Audu Bako, ita ke shayar da noman rani na Kadawa da Kura, kuma albarkarta muke ci a tumatir da shinkafa. Amma wanda ke zaune a ƙasan madatsa ya kamata ya san tarihinta.

Inda na fi so a tsaya shi ne cikin birni. Tsohon birnin Kano da ƙasa aka gina shi, ganuwa da gidaje duka, kuma duk inda aka haƙi ƙasar nan ya zama kududdufi. Kusan kowace unguwa tana da nata. Idan aka yi ruwa, indararo ya zuba a lungu, lungu ya kai kududdufi, abin da ya yi saura ya gangara Jakara, wadda ta ratsa ta gefen Kasuwar Kurmi ta fita gari. Ba injiniya ne ya zana ba, amma yana aiki. Na san kududdufai suna tara sauro, suna wari, kuma sun ci yara masu wanka ba adadi, don haka ban ga laifin wanda ya ƙi jininsu ba. Sai dai an bi su ɗaya bayan ɗaya ana cikewa da shara, a yanka filoti, a dasa shaguna, ba tare da an yi wa ruwan wata hanya ba. To ina zai je? Ɗakin mutane zai shiga.

A unguwarmu akwai kududdufin da muka taso muna gani, yau rukunin shaguna ne. Tun da aka cike shi, duk ruwan da ya wuce awa guda sai ya dawo lungunmu. Na ga dattijuwa da tsakar dare, fitilar waya a baki, tana kwarfar ruwa da robar wanki, jikokinta a tsaye kan gado an ɗora katifa bisa kujeru. Gidan ƙasa kuma ba farat ɗaya yake faɗuwa ba. Gindin katanga ne ke shan ruwa kwana da kwanaki, ya yi laushi, wata rana da asuba a ji rugum. Da can kafin damina kowane magidanci zai yi yaɓe, ya duba azara, ya gyara indararo, matasa su yi gayyar yasar kwata. Yanzu an shafe katangar da siminti ta waje, ana ganin ta yi kyau, ciki kuwa tana ruɓewa, lambatun ƙofar gida kuma ya cika da ledar ruwa.

Ko masu kuɗi ba su tsira ba. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda da yadi, 'yan kasuwa da kansu suka nuna gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa. Idan kasuwar da ake zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru za ta nutse, me zai hana lungun talaka?

Ban ma taɓo iskar farkon damina mai yaye kwanon rufi ba, ko zafin Afrilu da ke haura digiri 40, wanda a irinsa ne sanƙarau ya yi mana mummunar ɓarna a 1996.

Ga roƙona, Malam Edita. Ka ware shafi, ko sau ɗaya a wata, ka tura wakilanka wajen masu unguwanni da tsofaffin magina da dattawan da suka ga 1973 da 1988, tun suna raye. A tambaye su ina kududdufin unguwar yake, yaushe aka cike shi, wace shekara ruwa ya fara shiga gidaje. Malaman labarin ƙasa na Jami'ar Bayero su taimaka da taswira, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa (NiMet) ta ba da lissafin ruwan kowace shekara, a haɗa a buga unguwa-unguwa, a ajiye kwafi a Gidan Makama. Sannan kafin hukumar tsara birane ta jiha (KNUPDA) ta sa hannu a kan sabon gini, a samu abin da mutanen unguwa za su ɗauka su je su nuna. Kududdufan da suka rage kuma a kewaye su, a hana zuba shara, a bar su.

Ni dai a shirye nake in raka wakilinku lungu-lungu a unguwarmu, in haɗa shi da dattawan da suka san inda ruwa ke bi.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga cikin birnin Kano