A Auna Kaya Kafin a Ɗauko Motar Haya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi wa masu shirin ƙaura zuwa sabon gida magana.

Watan jiya muka tashi daga gida mai ɗaki 3. Don in rage kuɗi, na ɗauko ƙaramar motar kaya. Sai da muka yi sawu 3, kuɗin mai ya ninka, dare ya riske mu yara na gyangyaɗi kan katifa. Abin da ya fi ƙona mini rai kabad ɗin maiɗakina ne: tsayinsa mita 2, bakin motar bai kai haka ba, da muka kwantar da shi madubinsa ya tsage.

Jama'a, ku auna gado, kujeru da firji tukuna, musamman firji da ake son ya yi tafiya a tsaye. Ku tambayi masu motar tsawo, faɗi da tsayin cikinta, da nauyin da aka yarda ta ɗauka, domin kwalayen littattafai kan cika nauyi tun wuri bai cika ba. Idan kuma ta yi girma, a ɗaure kaya da igiya, masu nauyi daga gaba, kada su riƙa karo a hanya.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku