Dokar hana direba zuba wa motarsa mai a Amurka: wa take karewa?

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da wata doka ta ƙasar Amurka wadda mutane da yawa suka mayar abin dariya, alhali akwai abin nazari a cikinta. A jihar New Jersey, doka ta hana direba ya kama bakin famfo ya zuba wa motarsa fetur da kansa. Dole ya zauna ya jira ma'aikacin gidan mai, kuma saɓa wannan doka yana jawo tarar dala 50 zuwa 250 a karon farko. An kafa ta tun 1949, kuma daga watan Agustan 2023, lokacin da jihar Oregon ta sassauta tata, New Jersey ce kaɗai ta rage da irin wannan hani a cikin jihohi 50 na ƙasar.

Dalilin da aka rubuta a cikin dokar shi ne gudun gobara, wato wai fetur abu ne mai haɗari da bai kamata wanda ba a horar ba ya taɓa shi. A yau wannan hujja ba ta da ƙafar tsayawa, domin famfon zamani yana yanke mai da kansa da zarar tanki ya cika, kuma a kowace rana miliyoyin direbobi a sauran jihohi suna zuba wa kansu mai, ciki har da mutanen New Jersey ɗin da kansu idan suka tsallaka zuwa maƙwabciyarsu jihar Pennsylvania.

Ruwa dai ba ya tsami banza. A 1947 wani ɗan kasuwa mai suna Frank Urich ya buɗe gidan mai a Los Angeles inda direba yake zuba wa kansa, ya kuma sayar da rahusa. Shekara biyu bayan haka, Irving Reingold ya buɗe irinsa mai famfo 24 a garin Hackensack na New Jersey, yana sayar da galan a kan santi 18.9 (santi ɗari ne dala ɗaya), a daidai lokacin da sauran masu gidajen mai suka haɗa baki a kan santi 21.9. Layin motoci ya koma wajensa, su kuwa abokan sana'arsa suka garzaya majalisar dokokin jihar, aka fito da dokar da ta durƙusar da kasuwancinsa. Ke nan tun asali aljihun dillalai aka kare, aka lulluɓe abin da sunan kare lafiyar jama'a.

Sai dai rashin kyawun asalin doka bai isa ya zama dalilin soke ta ba, musamman idan waɗanda ta shafa sun rungume ta. A 2006 Gwamna Jon Corzine na New Jersey ya kawo shawarar a gwada barin direbobi su zuba da kansu a wasu gidajen mai, amma cikin 'yan kwanaki ya janye saboda ruwan ƙorafin da ya sauka a ofishinsa. Wani jin ra'ayi da jami'ar Rutgers ta gudanar a 2022 ya nuna kashi 73 cikin ɗari na mutanen jihar sun fi son a zuba musu. Abin ya zama abin tinƙaho, har ana manna takardu a bayan motoci masu cewa 'yan matan Jersey ba sa zuba mai. Wanda ya san sanyin watan Janairu a wannan yanki ba zai yi mamakin mai son zama cikin motarsa ba. Haka kuma sun daɗe ba su ji nauyin albashin ma'aikatan a farashi ba, domin harajin fetur na jihar yana cikin mafi ƙanƙanta a ƙasar har zuwa 2016, lokacin da aka ƙara masa santi 23 a kan kowane galan.

A nan ne nake ganin masu yi musu dariya suka yi gaggawa. Suna cewa a bar kowa ya zaɓa, mai son a zuba masa a zuba masa, mai son ya zuba da kansa ya zuba. Maganar tana da daɗin ji, amma abin da ya faru a sauran jihohi ya saɓa da ita. Bayan matsalar ƙarancin mai ta 1973, da farashi ya tashi kowa ya koma neman rahusa, masu gidajen mai sun gano cewa mutum ɗaya a bayan kanta zai iya kula da famfo goma, sai ma'aikacin da yake zuba mai, ya goge gilashi, ya duba baƙin mai da iskar taya, ya ɓace kusan gaba ɗaya. Zaɓin da aka yi alkawari bai daɗe ba, kuma waɗanda suka kwana a ciki su ne tsofaffi, da masu amfani da keken guragu, da uwar da ke da jariri a kujerar baya. Gaskiya ne dokar kare haƙƙin nakasassu ta 1990 ta wajabta wa gidan mai ya taimaka wa nakasasshe ba tare da ƙarin kuɗi ba idan ya nema, ko da ta hanyar danna ham ne, amma wannan wajibci yana faɗuwa idan ma'aikaci ɗaya ne tak a bakin aiki, wanda kuma shi ne halin da gidajen mai da yawa suke ciki da daddare.

Saboda haka ne hanyar da Oregon ta bi ta fi kwanta mini a rai. Dokarta, wadda ta samo asali tun 1951, ta lissafa dalilai har 17, daga santsin ƙasa saboda yawan ruwan sama zuwa barin yara su kaɗai a mota da rashin aikin yi ga matasa. Ba a rushe ta dare ɗaya ba. An fara da ƙananan hukumomin karkara, inda matafiyi zai iya tarar da gidan mai a rufe cikin dare babu wani kusa, kuma daga 2018 aka ba waɗanda mutanensu ba su kai 40,000 ba damar zuba wa kansu. Da masu gidajen mai suka yi ta kukan ba sa samun ma'aikata, har suna rufe wasu famfuna motoci na layi, sai Gwamna Tina Kotek ta sa hannu a sabuwar doka a 2023. A yankunan da ke da yawan jama'a, famfunan da direba zai zuba da kansa ba za su wuce rabi ba, dole a samu ma'aikaci a sauran, kuma farashin ɗaya ne. Wannan sharaɗi na farashi shi ne ƙashin bayan dokar, domin idan aka yarda a yi wa mai zuba wa kansa rangwame, to tsoho da nakasasshe ne za su riƙa biyan kuɗin rauninsu.

Idan kuwa ayyukan yi ake son karewa, a fito fili a faɗa, kamar yadda Brazil ta yi a shekarar 2000 da ta haramta famfon zuba-da-kanka domin kada dubban ma'aikatan gidajen mai su rasa abin yi. Ana iya yarda ko ƙin yarda da wannan, amma aƙalla an san abin da ake muhawara a kai.

A 2022 wasu 'yan majalisar New Jersey sun gabatar da ƙudirin da zai halatta wa direba zuba wa kansa, tare da tilasta wa manyan gidajen mai su ajiye ma'aikaci daga ƙarfe 8 na safe zuwa 8 na dare. Ƙudirin bai kai labari ba, domin shugaban majalisar dattawan jihar, Nicholas Scutari, bai goyi bayansa ba. Idan aka sake ɗauko shi, ina ganin ya kamata a tsawaita lokacin ya wuce ƙarfe 8, a kuma rubuta ƙarara cewa farashin ɗaya ne ga kowa, a cire tarar da ke kan zuba mai da hannun direba.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Mai karanta jaridarku