Yadin Inna ya hau bango

Assalamu alaikum ƙawata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya sanyin Ingila? Mu nan Kano hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari.

Kin tuna farin yadin audugar nan da Inna, Allah ya jiƙanta, ta bar mini a akwati? Shekara uku ina ɗaukowa ina mayarwa, na kasa kai shi wurin tela. A watan jiya dai na yi ƙarfin hali na raba shi huɗu, na kai uku marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta.

Tsayawa na yi aka rina a gabana. Marinin ya tsoma cikin ruwan baba, ya ɗaga, ƙyallen ya fito kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗewa zuwa shuɗi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na farko tsomi kaɗan aka yi masa, ya fito da haske. Na biyu tun a gida na ƙulle shi da zare, da aka kwance sai ga fararen zobba. Na uku kuwa an yi ta tsoma shi har ya kusa zama baƙi.

Don in yi abin ado na ratayawa a bango, na yanka ƙyallaye 48, inci huɗu-huɗu, na haɗa su da keken ɗinki. Sannan na shimfiɗa auduga a tsakiya, na sa wani yadi a baya, na bi da allura da hannu, kullum bayan sallar isha'i.

Inda na yi kuskure, ban ɗauraye mai duhun sosai ba. Ina yayyafa ruwa zan yi guga, sai ya zuba a kan fararen. Ranar na yi kuka, don ba ni da sauran farin Inna mai yawa. Layi biyu na farke na sake, amma guda ɗaya da shuɗin ya ɗan taɓa gefensa na bar shi, yana can ƙasa ta hannun dama.

Yanzu yana rataye a falo, daidai inda Inna take zama in ta zo mana.

Akwai ragowar ƙyallaye da za su yi ƙarami. Inna ta ɗauke ki 'ya, don haka naki ne. Ki auno mini bangon da za ki rataya, in fara kafin azumi.

Ki gaida yara da kyau.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Kano